Gishirin Faten Gwaggo

Gwaggo, yayar mahaifina, ta rasu ranar Talata da hantsi a ɗakinta da ke Kusfa. Ta sha kokonta ta shanye, ta ci ƙosai huɗu, ta ce na biyar ya ƙone, ta kishingiɗa. Shi ke nan. Na Allah ne mu, wurinSa za mu koma. Ita ta koma da cikinta a ƙoshe, kuma haka take so.

Kafin la'asar an kai ta makwancinta, gida ya cika. Ni ban iya kuka cikin taro ba, sai na zauna a bakin madafi ina kallon mutane. Babban ɗanta, taubashina, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya dawo daga maƙabarta ya tarar da tuwon da maƙwabta suka aiko. Ya cinye malmala uku a tsugune. Ya wanke hannu, ya juya ya ce wa matarsa, "Yau ba za a ba ni abinci a gidan nan ba ne?" Autar Gwaggo kuwa ko ruwa ya ƙi wuce mata maƙogwaro. Wata tsohuwar ƙawarta da ta zo daga Kufena ta leƙa ɗakin ta ce, "Wa ya rage ɗakin nan? Da ya fi haka faɗi." Ba wanda ya taɓa ɗakin. Mai kawo mana itace ya tsaya a zaure yana rantsuwa wai ranar yau ba ta da ƙarfi, alhali gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Da tana nan, da ta zauna ta karanta mu ɗaya bayan ɗaya. Sana'arta girkin biki da suna, amma abin da ta fi ƙwarewa a kai shi ne sanin abin da zuciya ke yi wa baki da ido.

Ni damuwata daban ce. Wata biyu kafin rasuwarta ta kira ni ɗaki.

"Ke 'yar ƙanena, ranar sadakar ukuna ba na son waina, ba na son gumba. Fate za a yi. Ke za ki yi shi, ke za ki sa gishiri."

Na ce, "Gwaggo, fate a sadaka? Dariya za a yi mana."

"Su yi. Mai dariya bakinsa a buɗe yake, sai ki zuba masa."

Na ce to. Shekara ashirin da biyu ina riƙe mata muciya, fate ba zai gagare ni ba. Abin da ban lissafa da shi ba shi ne harshena. Tun ranar Talatar ya mutu. Na sha shayi, ruwan zafi na ji. Na tauna goro, kamar na tauna rogo. Ga kuma dokar Gwaggo da kowa ya sani a unguwar nan: mai fushi da mai baƙin ciki ba sa zuba gishiri a tukunya. Ita ta kafa dokar, ita ta bar min wasiyyar da ta karya ta, ta yi tafiyarta. Duk cikin gari an san girkin gidanmu. Tukunyarta ta ƙarshe ce, kuma kwana biyu gare ni.

Bari in faɗi yadda dokar take.

Gidan Gwaggo shi ne masaukin duk wadda ta yi yaji a danginmu. Mace za ta shigo da ƙullin kaya, ido jajir, ta fara: "Gwaggo, wallahi na gama zama da mutumin nan." Gwaggo ba ta tambayar me ya faru. Sai ta ɗebo miya a ludayi ta miƙa mata.

"Ɗanɗana min, 'yar nan. Bakina ya tsufa."

"Ba gishiri, Gwaggo."

"To. Zauna ki ci. Magana sai gobe."

Miyar kuwa daidai take. Ba miyar ake aunawa ba. Washegari a sake miƙa ludayi. Ranar da mace ta ce "Ya ji," ranar ake shimfiɗa tabarma a yi magana. Mijin da ya zo biko shi ma sai ya ɗanɗana. Na taɓa ganin wani malamin makaranta da babbar rigarsa ya durƙusa a tsakar gida yana lasar ludayi. Ya ce lami. Aka ce ya dawo jibi.

"Hajiya, ni fa hankalina a kwance yake."

"Hankalinka na iya kwanciya, Malam. Harshenka a tsaye yake."

Takan ce mace mai fushi, idan ka tambaye ta alherin mijinta na shekara goma ta ce babu, ba ƙarya ta yi ba. Ta duba ne ba ta gani ba. Bari ta kwana biyu tana ƙoshi, da kanta za ta ce, "Ai shi ya yi jinyar uwata." Amma ba kowa take mayarwa ba. Wadda ta ji gishiri daidai, ta ci ta ƙoshi, ta sake cewa ta gama, Gwaggo da kanta take yafa mayafi ta je ta karɓo mata takardarta. Ba ta hana mutum yanke hukunci. Hukuncin mai mataccen harshe ne ba ta yarda da shi.

Ni ma ludayin nan ya bi ta kaina.

Shekarun baya, muna dawowa daga biki motarmu ta kife. Mijina da 'ya'yana biyu a wurin suka cika. Ni aka ciro da rai da karyayyar ƙafa. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Na yi takaba a gidan dangin mijina. Mutane sun saba ganin mai takaba ta rame, ana lallashinta ta ci. Ni ci na kama. In ci nawa, in ci ragowar yara, in kankare ƙanzo, in tashi kamar ban ci ba. Ba daɗi nake ji ba. Rami ne a ƙirjina nake ta zuba masa tuwo. Sai magana ta fara yawo. Na ji uwar mijina ta taga tana cewa, "Dubi kumatunta. Wannan ce aka yi wa mutuwa uku?"

Maganar ta kai Kusfa. Gwaggo ta naɗe tabarmarta ta zo ta tare a ɗakina. Ta gaishe da uwar mijina har ƙasa, sannan ta ce, "Hajiya, ke ɗanki ya mutu bakinki ya rufe. Ita nata ya buɗe. Ciwon ɗaya ne, ƙofar da ya bi ce daban." Uwar mijina ba ta sake maganar ba.

Gwaggo ba ta taɓa cewa in rage ci ba. Kwano take cika min. Sharaɗinta ɗaya: kowace loma sai na faɗi abin da ke cikin miyar.

"Me kika ji?"

"Miya."

"Na san miya ce, ba kunu ba. Me ke ciki?"

"Ban sani ba."

"To ƙara loma. A hankali, ba kura ke bin ki ba."

Haka kullum, safe da yamma. Wani lokaci in ji kamar in kifa mata kwanon. Rannan, an fi wata biyu, na kai loma na tsaya. Na ce, "Gwaggo, daddawar nan ta yi yawa."

Ta ajiye carbinta. "Me kika ce?"

"Ta yi yawa. Wari take."

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ashe sati uku tana ninka daddawa da gangan, ita ma tana ci tana haƙuri, tana jiran ranar da zan yi ƙorafi. Ta ce, "Sannu da zuwa, mara kunya." Ranar ban gama kwanon ba. Ranar kuma na fara kuka. Da na fita takaba ban koma gidan ubana ba, ita na bi.

Ba a sa ta boko ba, ni ma haka. Amma boko ya zo ya same ta har gida. Jikarta, 'yar taubashina, tana jami'a tana karanta halayyar ɗan Adam. Wata rana ta zo da takarda mai tambayoyi, wai an ce su tambayi mutane yadda suke cin abinci idan ransu ya ɓaci.

"Kaka, idan ranki ya ɓaci, cinki ƙaruwa yake, ko raguwa, ko yana nan yadda yake? Ɗaya za ki zaɓa."

"Wa ya ɓata min ran?"

"Ba a tambayi wannan ba."

"To takardarki ba ta da wayo. Idan ubanki ne, ƙaruwa yake, don in samu ƙarfin yi masa faɗa. Idan mutuwa aka yi, raguwa. Idan kuma amarya ce ta ƙona min tukunya, a tsaye nake ci."

Yarinyar ta yi dariya, ta zauna tana yi mata bayani. Ta ce masana sun daɗe suna gwada irin wannan. Mai tsoro da mai fushi ba sa auna abu yadda mai kwanciyar hankali ke auna shi. Har tudu ma, wai ya fi yi wa mai baƙin ciki tsawo.

Gwaggo ta ce, "Ranar da kakanki ya rasu na dubi dutsen Kufena na ga an ɗora masa wani a kai. Su shekara nawa suka yi kafin su gane?"

"Kaka, su aunawa suke yi, ba ji kawai ba."

"Madalla. To idan kun auna kun ga mutum ya daina ci, me kuke ba shi?"

"Mu rubutawa muke yi."

"Ku rubuta, sannan ku turo min shi."

Ta cika wa yarinyar kwano da dambu. Daga baya kuma ta riƙa tambayarta me aka koya musu sabo. Tana so ta ji, ba ta dai son a ga tana so.

Kada a ce na mai da ita waliyyiya. Tana da taurin kai, kuma ludayin ya taɓa kunyata ta. Wasu 'yan'uwa biyu daga danginmu suka yi rigima a kan katangar da ta raba gidajensu. Aka kawo su wurinta, har da limamin unguwa don ya sa baki. Ta miƙa wa babban ludayi, ya ce lami. Ƙaramin ya ce lami. Ta ce, "Kun gani? Ba mai shirin sulhu a cikinku." Don ta nuna musu, ta miƙa wa liman. Liman ya ɗanɗana, ya yi gyaran murya, ya ce, "Hajiya, Allah gafarta miki, da ɗan saura."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Malam, kai kuma wa ya taɓa ka?"

Ta sallame su duka. Da na shiga madafi sai ga gishirin a ƙoƙo a gefen murhu, yadda ta auna shi, ba a zuba ba. Autarta na asibiti tun safe tana naƙuda, hankalin Gwaggo na can. Na kawo ƙoƙon na ajiye a gabanta. Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta ce, "Ashe ni ce mara lafiyar." Ta yafa mayafi ta bi su gida-gida ta ba da haƙuri. Abin dariyar, ta tarar da 'yan'uwan a zaure ɗaya suna ta ba juna labarin yadda aka tuhumi liman da fushi. Katangar ba a sake maganarta ba.

Wannan ƙoƙon ne ya tsaya min a rai ranar sadaka.

Bayan sallar asuba muka hura wuta. Babbar tukunyar biki muka ɗora, wadda sai mutum biyu ke saukewa. Tsakin masara na wanke shi tun jiya. Ga wake, ga gyaɗa, ga rama da yakuwa an yanka sun cika faranti, ga gauta, ga daddawa da manja. Hannuna ya san hanya, bai tambaye ni komai ba. Na ɗebi gishiri daga buhu na zuba yadda na saba. Haka dai nake tsammani. Ana ta shigowa gaisuwa, ana ta kama ni ana kuka a kafaɗata, ina amsawa ina juyawa.

Da ya nuna na ɗanɗana. Ba komai. Na miƙa wa autar Gwaggo.

"Yaya, ba gishiri."

Matar taubashina ta karɓa. "Lami ne."

Tsohuwar Kufena ta ce ko ƙwaya ba a sa ba. Mata goma suka ɗanɗana, bakinsu ɗaya. Wata har ta jawo buhun gishiri ta ajiye a ƙafata. Na aika aka kira taubashina daga zaure. Ya sha ludayi guda, ya ƙara, ya ƙara.

"Kai ɗan mace, ɗanɗanawa na ce, ba karin kumallo ba. Ya ji ko bai ji ba?"

"'Yar kawu, ni ban ma san me na sha ba. Amma a ƙaro."

Na tsaya da muciya a hannu. Ko dai na sa, duk gidan ne harshensu ya mutu irin nawa. Ko kuma ban sa ba, na yi irin ta Gwaggo ranar liman. Na nemi tunawa, abin ya ƙi tsayawa. Ina ganin hannuna a cikin buhu, amma ban san ko na yau ba ne ko na wani bikin. Maza sun fara cika tabarmi a ƙofar gida, malamai sun fara addu'a.

Autar ta ce, "Yaya, sai an samo wanda mutuwar nan ba ta taɓa ba."

Muka dubi juna. Kowa ya san wadda ake nufi, ba mai son ambatarta.

Bayan katangarmu akwai wata Hajiya, sa'ar Gwaggo. Shekara talatin da suka wuce, a wani suna, ta ce a gaban mata miyar Gwaggo gishiri ya zarce. Gwaggo ta ce fushin mijinta ta kawo wa miyar mutane. Tun ranar ba wadda ta ƙara cin abincin wata. Gaisuwa ta kan katanga kawai, ita ma a taƙaice. Ranar rasuwa ta shigo ta yi ta'aziyya da busasshen ido ta fita. In akwai harshen da ba zai yi mana kara ba, nata ne.

Ni na je da kaina. Na ce, "Hajiya, taimako na zo nema. Ki zo ki ɗanɗana mana fate."

"Ni? A tukunyar gidan can?"

"Mai tukunyar ba ta nan."

Ta ɗauki sandarta. Ta shigo tsakar gida mata suka dare. Ta karɓi ludayi kamar alƙali, ta hura, ta kurɓa, ta juya shi a baki. Muna kallonta.

"Lami."

Wadda ta jawo buhu ta ce, "Kun ji ko."

Hajiya ta ɗaga mata hannu. Ta sake kurɓa. Sai ta nemi turmi ta zauna a kai, ludayin na hannunta.

"Tun ranar Talata nake yi wa surukata faɗa, ina cewa ba ta sa gishiri a miya. Jiya har kuka ta yi, tana rantsuwa ta sa." Ta goge ido da bakin mayafi. "Shekara talatin ina jira matar nan ta aiko in zo in ɗanɗana. Sai da ta mutu."

Na ce, "Ashe ke ma 'yar gida ce, Hajiya."

"Rufe min baki. Kuma a faɗa muku, miyar ranar nan gishiri ya zarce."

Gidan makoki ya kwashe da dariya, har autar da ta kwana biyu ba ta buɗe baki ba. Amma dariya ba ta sa gishiri. Tukunya na nan, hukunci na kaina. Na ture buhun da ƙafa.

"Ba za a ƙara ba. Lami ana gyara shi a kwano. Wanda ya zarce sai bola. A kawo kwanuka."

Aka zuzzuba aka fita da shi. Na zauna a bakin murhu ina jin cokula daga waje. Ba mai gaya wa gidan mutuwa abincinsu bai yi ba, ko ƙasa ka ba su za su ce Allah Ya karɓa. Don haka godiyar da ake aikowa ba ta gaya min komai ba.

Can sai ga taubashina ya shigo da kwano wayam, yana murmushi.

"'Yar kawu, akwai saura?"

"Kai dai ba ka ƙoshi."

"Ba ni ba ne. Direban da surukanmu suka ɗauko haya daga Kano ne. Bai san Inna ba, bai taɓa jin sunanta ba. Da aka ajiye masa sai da ya gama yi mana tsiya, wai Zagezagi ko mutuwa aka yi sai sun sha fate. Kwano na biyu ke nan ya share."

Na miƙe. "Koma ka tambaye shi gishiri fa. Ya ji ko bai ji ba?"

Ya fita. Hajiya ta kafa kunne daga kan turmi. Ya dawo.

"Ya ce wane gishiri? Wai shi bai lura da wani gishiri ba, a bar dogon zance a zubo kafin ya huce."

Hajiya ta buga sandarta a ƙasa. "To ya ji. Gishirin da ya yi daidai ba a tunawa da shi."

Na karɓi kwanon na cika wa Bakano har baki, na ɗora masa ƙanzo a kai. Sannan na zuba wani na miƙa wa Hajiya. Ta karɓa. Ni da ita da autar muka sa hannu a kwano ɗaya, ba wadda ke jin ɗanɗanon komai a cikinmu, muka cinye tas.

Allah Ka jiƙan Gwaggo. Ta ciyar da masu fushi har suka huce, ta zauna da masu kuka har suka ji yunwa ta gaskiya. Ka yafe mata taurin kanta, Ka yalwata mata makwanci, Ka shayar da ita daga tafkin ManzonKa. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.